Takalman Barkono

Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu,
ja ce, shi ya sa Baffa ya raɗa mata Barkono.
Ta girme ni da shekara uku.
Ranar rabon gado kowa ya kau da kai,
ni na miƙa hannu na ce a ba ni makullin.

Gajeriya ce, cikinta na shafar ƙasa.
Duk wani tudun rage gudu daga Jekadafari zuwa Pantami
ya san ɗanɗanon salansarta.
A karkace nake hawansu,
kamar mai shiga ɗaki da gora a kafaɗa.

Bana tayoyinta suka yi sanƙo.
Zane ya shafe, waya ta leƙo.
Ruwan Agusta ya sa ta taka mini rawa a Tumfure,
har salati ya kuɓuce mini ban shirya ba.

Na je wajen Bappayo a Tashar Dukku.
Ya jero wili huɗu, inci goma sha bakwai,
ƙyalli kamar sabon kwanon silba,
taya a jiki siririya, ba ta kai kaurin gammo ba.
"Ɗora mata waɗannan ka ga yarinta."
Zuciyata ta biya tun aljihu bai ji labari ba.

Yila, bakaniken da ya san ta tun zamanin Baffa,
bai ce uffan ba. Tsugunawa ya yi.
Ya ƙirga ramukan noti: nata huɗu, na Bappayo biyar.
Ya zura yatsu uku tsakanin taya da bodi.
"Nan za ta ci in ka karya sitiyari.
Da sha huɗu aka haife ta.
Wa ya taɓa sa wa tsohuwa takalmi mai tsini
ya ce ta bi hanyar Kaltungo?
Rami ɗaya, wili ya lanƙwashe,
kai kuma ka kwana a Kumo kana kirar suna na."

Sai ya tofa yawu a gefen wata da aka ce sabuwa ce,
ya murza da babban yatsa.
Lambobi huɗu suka fito.
"Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara.
Wannan ta yi tara a sito.
Baƙin da ka gani, mai aka shafa mata."
Bappayo ya yi dariya, bai musa ba,
ya aiki yaro can ƙuryar shago
inda ake ajiye na gaskiya.

Kuɗin fenti na ba shi, wanda na yi wata bakwai ina tarawa.
Jan zai ci gaba da koɗewa.
Tsofaffin wilinta muka wanke da kananzir,
ɗaya aka buga, aka daidaita,
aka manna masa darma kamar ɗan kunne.

Yanzu kowace Asabar kafin rana ta yi zafi
sai na zaro sandar baƙin mai, na goge, na mayar, na zaro,
na leƙa lagireto, na auna iska tun taya na da sanyi.
Dudu na tsaye da tsintsiya:
"Motar da ko buhun masara ba ta ɗauka!"
Gaskiyarta. Ban da amsa.

A but akwai safiyar Baffa,
ta tsage kamar bayan tsohon tulu,
da farin fenti ya rubuta mata 28 da hannunsa.
Yila ya ce a yar.
Na saya mata magajiya,
ita kuma na jingine ta a zaure.

Jiya bayan asuba muka nufi Dadin Kowa.
Giya ta uku, ta huɗu,
sitiyarin ya daina karkarwa a tafin hannuna.
Dutsen Bima ya taso a gilashi.
Na kashe rediyo
don in ji yadda sabuwar roba ke gaisawa da kwalta.